Aikin jinya a garin haihuwa: ina zumunci ya tsaya, ina amanar mara lafiya ta fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Mama. Bara na gama makarantar koyon jinya, aka tura ni babban asibitin garinmu. Kusan duk wanda aka kwantar, in ba ɗan uwa ba ne to maƙwabci ne, ko wanda ya san mahaifina. Mijin wata ƙawar yayata ya tare ni yana so in gaya masa sakamakon gwajin matarsa. Wata tsohuwa da na yi jinyar ɗanta ta kawo min turmin atamfa har gida bayan an sallame shi, na karɓa don kunya. Da yamma mata kan zo gidanmu da allura a leda in yi wa yaransu. Akwai kuma wani da ke kwance a ɗakin maza da ya samu lambata, yana turo min saƙo da dare, har ya fara zancen aure. A makaranta an ce mu kiyaye iyaka, amma a nan da na ce a'a sai a ce girman kai ne. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika yi tambayar tun tafiya ba ta yi nisa ba. Shekara 31 na yi ina sa farin kaya, 12 daga ciki a garin da aka binne cibiyata, don haka cikin abin nan huɗu da kika lissafa babu wanda bai taɓa samuna ba. Yawancin abin da aka karantar da mu a kan wannan batu an rubuta shi ne a ƙasashen da nas za ta shekara ba ta yi jinyar wanda ta sani ba. Ke kuwa matar da kika sa wa robar fitsari da safe, da ita za ku zauna tabarma ɗaya a gidan suna ranar Asabar. Nauyinki ya fi nasu.

Kafin komai ina so ki gane dalilin iyakar, domin wanda ya haddace doka bai san dalilinta ba, ranar da kunya ta kama shi zai sake ta. Wanda yake kan gadon asibiti ba a ƙarfinsa yake ba. Ya tuɓe a gabanki, kin ga abin da 'ya'yansa ba su taɓa gani ba, fayil ɗinsa yana hannunki, kuma ko zai samu allurar rage ciwo da ƙarfe 2 na dare ko zai kwana yana juyi, wannan ya rataya a kanki. Mutum a wannan hali ba ya iya ce miki a'a da zuciya ɗaya. Ko Alhaji ne mai motoci, da zarar an ɗaura masa ƙarin ruwa ya zama mai lallaɓa ki. Don a kare shi daga wannan rinjaye naki aka yi iyakar. Shi ya sa nake koya wa ɗalibaina su tambayi kansu, duk abin da za su yi wanda ya fita daga aikin yau da kullum: buƙatar wa wannan yake biya, ta mara lafiya ko tawa? Kuma zan iya faɗa wa incaji, wato shugabar nas-nas ta ɗakin, gobe da safe ba tare da na sunkuyar da kai ba? Duk abin da kika ji kina so ki ɓoye wa abokan aiki, to kin riga kin sa ƙafa a inda bai kamata ba.

Maganar sirri zan fi daɗewa a kai, don a nan na taɓa yin kuskuren da har yau yake ci mini rai. A shekarata ta biyu da fara aiki na dawo gida, gwaggona ta tambaye ni labarin asibiti, na ce mata, "Ai na ga amaryar gidan su wance a barandar awo." Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma da murna na faɗa. Ashe yarinyar ba awo ta zo ba. Matsalar zubar jini ce ta kawo ta, kuma masu ganin likitan mata a baranda ɗaya suke jira da masu ciki. Kafin magariba labari ya kai ga uwar mijinta cewa amarya ta samu ciki. Wata ya bi wata, ba a ga ciki ba, sai aka fara cewa zubarwa ta yi. Yarinyar ta yi yaji, an sha wuya kafin aka daidaita, kuma duk tsawon zamana a wannan asibiti ba ta sake takowa ba. Ban buɗe fayil ba, ban faɗi sunan cuta ba, amma da jimla guda na jefa aurenta cikin haɗari, na kuma raba ta da wurin da za ta samu magani.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce duk bayanin da ya shafi mai neman magani sirri ne, kuma ta ambaci halin lafiyarsa, da maganin da ake masa, har da zamansa a asibitin. Wato cewa kin ga wance a asibiti ma yana ciki. Hanyoyin da dokar ta yarda a fitar da bayani ƙidayayyu ne: mai shi ya amince a rubuce, ko kotu ta ba da umarni ko wata doka ta wajabta, ko yaro ne iyayensa ko waliyyinsa suka nema, ko wanda ba ya cikin halin da zai iya ba da izini waliyyinsa ya nema, ko kuma ɓoyewar za ta zama babbar barazana ga lafiyar jama'a. Rantsuwar da kuka yi ranar da aka sa muku hula ma, asalinta wadda aka rubuta ce a 1893 a birnin Detroit na Amurka don girmama Florence Nightingale, wadda ake ɗauka uwar aikin jinya na zamani, kuma tun a waccan an sa alkawarin rufe al'amuran gidan mutane da nas ta sani ta dalilin aikinta. Mu kuma tun kafin makaranta an gaya mana a gida cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

To mijin ƙawar yayarki fa? Kada ki ɗauke shi abokin gaba. A wurinmu shi ne ya biya kuɗin kati, shi ya sayo magani, kuma sau da yawa matar da kanta tana so ya sani. Amma ƙofar shiga wannan magana matar ce, kuma baranda ko ƙofar gidanku ba wurinta ba ne. Ki ce masa, "Yaya, wallahi wannan magana ba a bakina take ba. Ka zo gobe tare da ita, zan haɗa ku da likita ya zauna da ku." Kafin goben, ki samu matar ita kaɗai ki tambaye ta wa take so a gaya wa, kuma me take so a gaya masa. Idan uwar miji ce a zaune bakin gado, ba sai kin kore ta ba: "Hajiya, a ɗan ba mu wuri zan duba ta," kuma ki mayar da wannan al'adarki ga kowace mara lafiya, don kada fitar da ita ya zama alama. Ki kula da fuskarki ma. Idan sakamako mai kyau ne kina cewa "Ai ba komai, lafiya lau," idan marar daɗi ne kuma kina cewa "Sai dai ka ga likita," to cikin wata guda gari ya gane yarenki, shirunki ya zama tonon asiri. Amsa ɗaya ga kowa.

Akwai inda abin yake da nauyi fiye da haka, wato idan cutar mai yaɗuwa ce ta hanyar zaman aure, kamar mai karya garkuwar jiki ko ciwon hanta, ga miji ga kishiyoyi ga jarirai masu zuwa. A nan rufe baki kawai bai wadatar ba, domin akwai rayukan wasu. Amma hanyarsa ita ce a zauna da matar tare da mai ba da shawara da likita, a taimaka mata ta faɗa da bakinta ko a faɗa a gabanta, a kuma yi la'akari da ko faɗar za ta jawo mata duka ko saki a daren. Ki kai maganar ga manyanki ranar da kika sani, kada ki ɗauke ta ke kaɗai. Kuma irin waɗannan sakamako ƙaruwa suke yi a hannun ma'aikatan lafiya, musamman tunda jiha kamar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Dangin ango da na amarya za su neme ki ta bayan fage. Takardar ta masu ita ce.

Atamfa kuma. Na san kunyar da kika ji, kuma tsohuwar nan da zuciya ɗaya ta kawo. Sai dai ki tuna labarin Ibnul Lutbiyya da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda Manzon Allah (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya ce me ya sa bai zauna a gidan ubansa da uwarsa ba ya ga ko za a kawo masa kyautar? Da ba ki sa farin kaya ba, da tsohuwar ta kawo miki turmi? Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da ɗan nata ya dawo, ga layi ya kai bakin ƙofa, za ta kalle ki, ke ma za ki ji atamfar a jikinki.

Ba kowace kyauta ce ɗaya ba. Wanda aka sallama ya aiko da kwanon fura ko ledar dabino a ajiye a teburin nas-nas kowa ya ci, ban taɓa ganin laifinsa ba, ƙin karɓa ma wulaƙanci ne. Wanda nake tsoro shi ne kuɗin da ake cusa miki a aljihu alhali mara lafiya yana kan gado, ana cewa "ga na goro, a riƙa duba mana shi." Wannan sayen kulawa ne, kuma wadda take gado na gaba, da ta sayar da akuya kafin ta zo, tana kallo. A daren nan in ciwo ya tashi ba za ta kira ki ba, don ta san ba ta ba da komai ba. Irin wannan ki mayar nan take, da fara'a: "Baba, albashi ake biyana a kan wannan, ka ƙara a kuɗin magani, ni addu'a nake so." Ita kuwa atamfar da kika riga kika karɓa bayan sallama, a ganina mayar da ita yanzu marin tsohuwa ne a gaban danginta. Ki gaya wa incaji abin da ya faru, ki bi ƙa'idar asibitinku idan akwai ta. Idan an bar miki zaɓi, ki kai wa tsohuwar alheri daidai da shi da Sallah, don abin ya koma lissafin zumunci ya fita daga na asibiti, ki kuma faɗa mata a hankali cewa aikinku ya hana, kada ta sake wahalar da kanta.

Allurar gida ita ce wadda ba na sassautawa ko kaɗan, don ita ce mai kisa. Matar da ta zo da kwalba a leda, wa ya rubuta maganin? Yawanci mai kemis ne, ko ragowar na wani yaron. Ba ki auna nauyin yaron ba, ba ki san ko maganin ya kwana a rana ba, ba ki san ko jikinsa yana ƙin sa ba. Alluran dangin fenisilin suna iya rufe wa mutum numfashi su kayar da hawan jininsa cikin mintuna kaɗan, kuma abin da ke ceto a wannan lokaci allurar adirenalin ce da iskar oksijin da hannun abokan aiki. Wanne kike da shi a tsakar gidanku? Yaro yana fizge-fizge a cinyar uwarsa, ga duhun magariba, allura ta kauce a ɗuwawu ta taɓa babbar jijiyar da ke sauka ƙafa, yaro ya tashi yana jan ƙafa har girmansa. Saboda wannan ne ake yi wa jarirai a gefen cinya. Idan ɗayan waɗannan ya faru a asibiti, akwai rubutun likita, akwai fayil, akwai shaidu. Idan a gida ne, ke kaɗai ce, kuma matan da suke ce miki 'yar albarka yau su ne za su ce 'yar gidan wane ta kashe yaro. Haka in wani ɗan uwa ya fara zuwa yana roƙon allurar rage ciwo mai ƙarfi da ake kira fentazosin don ciwon ƙashi ko na baya, ki san tana kama mutum ya kasa rabuwa da ita, kuma ta lalata ma'aikatan lafiya da dama da masu sikila da aka riƙa yi wa ita don tausayi. Gaggawa daban ce. In aka buga muku ƙofa cikin dare mace tana zubar da jini ko yaro yana jijjiga, ki fita ki yi taimakon farko da duk abin da kika iya, ki raka su asibiti. Wannan haƙƙi ne a kanki.

Shi kuma mai saƙon dare, kada ki amsa masa, ko da "na gode" ne. Ba na cewa mugu ne. Namiji da ciwo ya kayar, ya ga wadda take zuwa kansa cikin dare tana tambayar jikinsa da murya mai taushi, sau da yawa yakan ɗauki godiyar da ke ransa a matsayin so, kuma yakan warke daga wannan tare da ciwon. Ke ma ki binciki zuciyarki: kin fara daɗewa a gadonsa fiye da na sauran? Kin fara ba shi labarin gidanku? Kina duba jadawali ki ga ko ɗakinsu aka sa ki? Daga irin waɗannan ake farawa, babu wadda ta taɓa faɗawa a tsalle ɗaya. Gobe ki gaya wa incaji, ki nemi a ba wata gadonsa, shi kuma ki faɗa masa sau ɗaya a gaban abokiyar aiki, "Malam, ni ma'aikaciyar jinyarka ce, ba na karɓar saƙo a wayata." Ki ajiye saƙonnin, kada ki goge. Ba zan ce miki har abada nas ba ta auren wanda ya taɓa kwanciya a asibitinsu ba, a ƙaramin gari wannan kusan hana aure ne. Amma sai ya warke, ya fita daga hannunku gaba ɗaya, an ɗauki lokaci mai tsawo, sannan ya bi ta ƙofar iyayenki kamar kowa. Idan mai ciwon da zai riƙa dawowa wurinku ne, ko mai taɓin hankali, to a rufe maganar. Ga 'yan uwanki maza masu wannan aiki abin ya fi tsanani: kada namiji ya duba jikin mace sai da wata mace a wurin, ko da ita mara lafiyar ta ce ba komai.

Kada kuma tsoron wuce iyaka ya tura ki ɗaya gefen, wanda a gaskiya shi ya fi yawa a asibitocinmu. Nas mai ɗaure fuska, mai kiran dattijo da lambar gadonsa, mai daka wa mai naƙuda tsawa ko kai mata duka a cinya ko yi mata gorin yadda aka samu cikin, ita ma ta ci amanar, don ta yi amfani da rinjayen da take da shi a kan wadda ba ta iya ramawa. Na sha jin mata suna cewa gara su haihu a gida da su je a ci mutuncinsu, kuma na karɓi wasunsu da asuba bayan jini ya riga ya ƙare. Sashe na 23 na dokar nan ta 2014 ya wajabta a yi wa mara lafiya bayanin halin da yake ciki, da hanyoyin magani da haɗarinsu, da 'yancinsa na ƙin amincewa, cikin harshen da yake ji. Ki gaishe da Baba da sunan Baba, ki riƙe hannun mai naƙuda, ki yi wa wanda aka yi wa rasuwa ta'aziyya. Duk wannan cikin aikin yake.

Wayar hannu kuma a taƙaice: kada ki ɗauki hoton ciwo, ko jariri, ko fayil, ko bidiyo a ɗakin marasa lafiya, ko da kin rufe fuska. A garinku zanen da ke jikin mace ya isa a gane ta. Ƙa'idojin ɗa'a na ƙungiyar nas-nas ta duniya, waɗanda aka fara amincewa da su a 1953, da aka sabunta su a 2021 har batun kafafen sada zumunta an shigar. A nan gida kuma Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, tana da kotun ladabtarwa mai ikon jan kunne, ko dakatarwa, ko goge suna daga rajista. Lasisin da kika sha wuya a kansa hoto ɗaya a WhatsApp yana iya tafiya da shi.

Zancen girman kai za a yi shi, musamman a watannin farko, kuma zai yi miki ciwo don daga bakin naki zai fito. Abin da ya taimake ni shi ne na fara da cikin gida. Na zaunar da mahaifiyata na gaya mata abin da allura ɗaya za ta iya yi wa yaron maƙwabta, da abin da zai biyo baya a kaina da sunan gidanmu. Daga ranar ita ce take tarar matan a zaure tana cewa, "An hana su yi a gida, ku je asibiti da safe, tana nan za ta karɓe ku." Abin da ya fito daga bakin babba ba a kiransa girman kai. Ki yi haka da Innarki da Babanki a wannan makon, ki roƙi yayarki ta daina aiko miki da masu tambayar sakamako. Idan kuma mutumin nan ya ci gaba da turo saƙo bayan kin gaya masa, ki kai wa metron, wato shugabar nas-nas ta asibitin, a rubuce, da kwanan wata.